Amsa ga ɗan'uwanmu da ke gama aikin kicin a McMurdo, tashar binciken Amurka a nahiyar Antarctica

Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, wallahi ina karanta saƙonka sai da zuciyata ta motsa. Ka ce saura makonni kaɗan kwantiraginka ya ƙare, jiki ya mutu, barci ya ƙi, kuma kana tambaya ko ka sa hannu kan dawowa baɗi tun yanzu. Ni a wani ƙaramin sansani can cikin ƙanƙara na yi girki, amma ta wajenku muka shiga kuma ta nan muka fita, don haka na san wannan gajiyar ta ƙarshen Janairu, lokacin da jirgin ruwa mai kawo kayan shekara ya iso ana aiki ba dare ba rana, kai kuma kana ciyar da mutum kusan 1000.

Kada ka sa hannu yanzu. Rana ba ta faɗi ba tun wajen ƙarshen Oktoba kuma ba za ta faɗi ba sai bayan 20 ga Fabrairu ko kusa da haka, mutumin da ya yi wata uku bai ga dare ba kansa ba daidai yake ba, ka bari sai ka isa gida ka yi barci.

Amma abin da nake so ka kula da shi sosai shi ne takardar kimanta aikinka. Shugaban kicin ɗinmu, Allah ya isa tsakanina da shi, tun farkon zango ni ke tashi da asuba in kwaɓa burodi in narka ƙanƙara a samu ruwan wanke-wanke, hannuna duk ya tsattsage saboda bushewar wurin har jini yake yi, basilin ma ba ya riƙewa, ban taɓa cewa uffan ba. A makon ƙarshe ya tura ni ƙirga daskararren nama ni kaɗai a ramin ajiya, shi yana cikin tanti yana shan kofi, da lissafi bai zo daidai da na littafinsa ba sai ya rubuta wai ba na kula da kaya. Kayan da shi da kansa ya riƙa ba abokansa! Ya miƙo mini takardar ana saura kaɗan jirgi ya tashi, ya ce in sa hannu sauri muke yi. Na tsaya da safar hannu ina rawar sanyi, hawaye ya daskare mini a gashin ido, babu wanda zan kai wa ƙara a wurin. Wannan takardar ta taɓa kuɗin kammala aikina, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

To kai ka nemi taka da wuri, ka karanta a zaune, ka ɗauki hotonta. Duk ƙirgar da za ka yi a firiza ka sa wani ya tsaya tare da kai. Kuma ka rubuta wa masu zaman hunturu bayani mai kyau, ina gari yake, wace tanda ce ke ƙona gefe, su ne za su zauna watanni babu ɗanyen ganye.

Ranar auna jaka ka ware kayan sawa da man goge baki da magani a ƙaramar jaka, don babbar in ta tafi ta tafi, jirgi kuma yana iya ɗagewa kwana da kwanaki saboda iska. Jirgin sama samfurin C-17 wajen awa 5 ne zuwa birnin Christchurch na New Zealand, in jirgin Hercules mai takalmin ƙanƙara ne ka shirya zaman awa 8. Jar rigar sanyin nan da takalman da aka ba ka aro a can za ka mayar, ka laluba aljihunanta tukuna.

Salla kuma, tunda agogon New Zealand kuke bi, ni da lokutan Christchurch na riƙa yi, kada gajiyar kwanakin nan ta sa ka sake ta. In ka sauka ka ɗan kwana biyu kafin dogon jirgi, akwai Masallacin Al Noor a Deans Avenue kusa da Hagley Park, ka je ka yi jam'i. Kuma ka kira gida ka gaya musu kada a cika maka ɗaki da baƙi ranar farko, hayaniya za ta yi maka yawa. Turo mini lambarka ta akwatin sirri mu yi magana kafin ka ga shugaban naka.