Fito a sabuwar mota: ka gano inda yake kafin kowa ya taɓa ta

Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a sabuwar mota, ya sa a more ta lafiya. Ka ce wata biyu ke nan da ka ɗauko ta dal, kuma da zarar ka hau babban titi sai wani siririn fito ya taso ta gefen direba, in ka kunna AC kuma ka ji wani "shuuu" a cikin dashbod. Kana tambaya ko matsala ɗaya ce, da kuma ko ka kai ta wurin mai gyaran bodi. Na taɓa shan wannan wahalar, don haka ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Kada ka kai ta ko'ina tukuna. Ka fara gano me ƙarar take bi: gudun mota, ƙarfin fanka, ko juyin inji. Ka hau titi mai kyau, ka kashe rediyo, ka kashe AC da fankar gaba ɗaya, ka kai gudun da fiton yake farawa. In yana nan, ba ruwan fanka. Sai ka ɗaga ƙafa daga totur motar tana tafiya: in ƙarar ta sauka tare da inji, wannan zancen fambel ne ko wani abu a ƙarƙashin bonet. In ba ta canza ba sai da gudun ya ragu, iska ce. Gurnanin da ke sauyawa in kwalta ta sauya, ko in ka karya sitiyari, na taya ne ko boris, kuma ba ya kama da fito.

Ƙarar motata tana farawa ne a wajen gudun kilomita 90 a awa. Abin da ya rikita ni, in zan tafi Zariya daga Kano da ƙyar nake jin ta, amma a hanyar dawowa kamar an sa min usur a kunne. Sai daga baya na gane lokacin hunturu ne, iskar tana busowa daga arewa maso gabas, a tafiya tana bayana, a dawowa ina fuskantar ta. Kai ma ka gwada hanya ɗaya zuwa da dawowa. Injin mota bai san gabas da yamma ba, iska ce kaɗai take nuna wannan bambancin.

Kuskuren da na yi shi ne na kai ta wani gareji ban san komai ba. Aka ce robar ƙofa ce, aka cire sabuwar roba lafiyayya aka sa wata, na biya, na hau titi, fito yana nan yadda na bar shi. Har yau abin yana yi min ciwo, domin ƙofar ba ta ƙara rufuwa da irin laushin da ta zo da shi ba.

Abin da ya fitar da ni salatif ne, irin na takarda da masu fenti suke amfani da shi, wanda ba ya cin fenti in an ɓare. Na sami ƙanina ranar Asabar da safe. Muka liƙe gefen gilashin gaba daga sama har ƙasa, muka hau titi, fito yana nan. Muka ɓare, muka liƙe saman ƙofa, yana nan. Karo na uku muka liƙe 'yar robar nan mai kusurwa uku da ke gindin madubin gefe, muna kai 90 sai shiru. Na ƙara zuwa 100, shiru. Muka tsaya na danna ta da babban yatsa, sai na ji "ƙas", ashe maƙalinta ɗaya ne bai shiga ba tun daga farko. Ratar ba ta kai kaurin farce ba. Wuri ɗaya-ɗaya za ka riƙa liƙewa, domin in ka liƙe ko'ina lokaci guda ƙarar za ta tsaya amma ba za ka san wanne ne ba. In motar tana da ƙarfen ɗora kaya a sama ko gilashin rufi, su ma ka bi su, ƙarafan nan na gicciye sun iya fito sosai.

Robar ƙofa kuma tana da nata gwajin. Ka sa takarda a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. Ya kamata ta riƙe. Ka zagaya ƙofar da ita, inda ta zare salin-alin to nan roba ba ta kama ba. Ka fi mai da hankali a saman ƙofa, domin in mota tana gudu iskar da ke wucewa ta gefe tana ɗan jan saman ƙofar waje, ratar da ba ka gani a tsaye sai ta buɗe. Za ka iya kuma rufe komai, ka ƙure fanka tana jan iskar waje, ka shafa ruwan sabulu a gefen gilasai da ƙofofi ta waje. Inda iska take fita zai yi kumfa.

Na cikin dashbod ya fi sauƙi, a tsaye ma za ka gano shi. Ka riƙa ƙara fanka kana ragewa. In ka rufe wasu ƙofofin iska, iskar tana matsuwa ta ragowar ta yi fito, buɗe su duka ka ji. Ka danna maɓallin da ke sa iska ta riƙa zagayawa a cikin mota: ƙarar fanka takan ɗan ƙaru a nan, wannan ba laifi ba ne, domin daga cikin ɗaki take jan iskar. Amma in fiton ya ɗauke da ka danna, ka duba inda iskar waje take shiga, wato ramin da ke gindin gilashin gaba wajen waifa, da filtar da a yawancin motoci take bayan akwatin gaban fasinja. Ganyen darbejiya guda ɗaya ko guntun leda in ya faɗa cikin fanka ya isa ya hana ka sakat, kuma ƙurar hunturu tana toshe filta tun kafin adadin kilomitan da littafin mota ya faɗa. Ɗan "sss" na 'yan daƙiƙoƙi in AC ya kama ko bayan ka kashe mota, gas ne yake wucewa, ƙyale shi. "Ƙas-ƙas-ƙas" a jere in ka sauya zafi da sanyi kuwa ƙaramin moton da ke juya murfin iska ne, wannan aikin kamfani ne.

Tunda tana cikin garanti, ina roƙonka kada ka bari a zuba mata gam ko a lanƙwasa ƙofa da hannu, masu kamfanin za su iya cewa an taɓa ta a waje. Kada kuma a shafa wa roba girisi ko baƙin mai, suna kumbura ta. Ka sa wanda ke gefenka ya ɗauki ƙarar da waya tare da allon gudu, ka bar salatif ɗin a inda ya tsayar da ita, ka ce ma'aikacinsu ya shiga ku hau titi tare, domin a cikin gareji ba za ta yi ba. Ka tabbata sun rubuta ƙorafinka a takarda da kwanan wata.

Ka dawo ka gaya mana a gudu nawa take farawa, da kuma ko tana nan in fanka tana kashe.