Kada Ka Ƙetare Teku da Suna Kaɗai

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wata baiwar Allah daga Boston da ke Amurka ta ba ka aikin nemo mata asalin kakan mahaifinta, wanda ya bar Ailan wajen 1880 yana saurayi ɗan kimanin shekara ashirin. Sunan gidansu Murphy, kuma abin da zuri'ar ta riƙe kawai shi ne daga Cork ya fito. Ka samu wani mai wannan suna a intanet, shekarar haihuwarsa ta yi kusa, kana tambaya ko ka rubuta mata cewa an dace, tunda ka ji an ce takardun ƙasar duk sun ƙone a 1922, ba za a samu abin da ya fi wannan ba.

Kada ka rubuta mata tukuna. Kama da wane ba ta wane. Babu sunan gidan da ya kai Murphy yawa a Ailan, kuma a gundumomi 32 na tsibirin babu wadda ta kai Cork faɗi. Sunayen yankan mutanen wancan zamani kuwa 'yan kaɗan ne ake ta juyawa: John, Patrick, Michael, Mary, Bridget. A shekara guda, a gunduma guda, masu suna ɗaya birjik suke. In ka tsinci ɗaya ka miƙa mata, kakannin wasu ka ba ta. Ita kuma za ta yarda da kai, ta tara kuɗinta, ta hau jirgi, ta je ta tsaya kan kabarin da ba na jininta ba tana hawaye. Cin amana ne wannan, ko da ba da gangan aka yi ba.

Shi kansa batun Cork ɗin, ka riƙe shi da hannu biyu amma kada ka jingina da shi. Tashar Queenstown, wadda yau ake kira Cobh, a gundumar Cork take, kuma ta nan ne kimanin mutum miliyan biyu da rabi suka bar ƙasar tsakanin 1848 da 1950. Mutumin Kerry ko Limerick ko Tipperary zai zo nan ya hau jirgi, bayan shekara hamsin jikokinsa su ce daga Cork yake. Kamar Bahaushen Sudan ne da zai ce maka kakansa daga Kano ya taso: wataƙila birnin ne, wataƙila wani ƙauye ne mai tafiyar kwana uku, a Kano ayari kawai ya haɗu.

Yanzu maganar gobara, domin tana kashe wa masu koyo gwiwa ba gaira ba dalili. Gaskiya ne, ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasa, taskar takardun gwamnati da ke harabar Four Courts a Dublin ta kama da wuta. Takardun ƙidayar 1821, 1831, 1841 da 1851 sun tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wasiyyoyi na ɗaruruwan shekaru sun tafi, haka ma rajistocin majami'u da yawa na ɗarikar Angilikan. Ƙidayar 1861 da ta 1871 tun kafin nan hukuma ta lalata su, ta 1881 da ta 1891 kuma aka niƙa su lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Asara ce babba, ba mai musu. Amma duba abin da bai shiga wutar ba. Rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta gwamnati, wadda ta game kowa tun daga 1 ga Janairu 1864, a wani ofishi dabam take, tana nan lafiya. Ƙidayar 1901 da ta 1911 suna nan cif, kyauta a intanet. Rajistocin baftisma da aure na Katolika kuwa ba su taɓa zuwa Four Courts ba, domin ba ita ce cocin hukuma ba, a hannun limamanta suka zauna. Ɗakin Karatu na Ƙasa ya ɗauki hotonsu, ya sa su a intanet a 2015, yawancinsu har zuwa wajen 1880. Mutumin da kake nema, in ɗan Katolika ne kamar galibin mutanen yankin, akwai kyakkyawan zato sunansa na nan a rubuce. Matsalarka ba rashin takarda ba ce. Ba ka san a wane littafi za ka duba ba ne.

Dalili kuwa shi ne, takardun Ailan bisa wuri aka tsara su. An yanyanka ƙasar zuwa ƙananan unguwannin karkara da suke kira taunlan, sun haura 60,000, wasu gonaki ne kaɗan da gidaje biyar ko shida. Shi ne adireshin talaka. Daga shi ake sanin Ikklesiyar (yankin da cocin gari ke kula da shi) da aka yi wa mutum baftisma, da ofishin da aka yi rajistarsa, da mai ƙasar da ubansa ke biya wa haya. In ba ka da sunan unguwar, ko aƙalla na Ikklesiyar, ba ka da komai. Sunan nan kuwa, galibi, ba a Ailan ake samunsa ba. A inda mutumin ya zauna ya mutu ake tono shi.

Saboda haka ka rufe littattafan Cork, ka koma Boston. Jihar Massachusetts, inda Boston take, ta fara rajista tun 1841, kuma takardun aure da na mutuwa na wancan lokaci sukan kawo sunayen iyaye. Ka fi yarda da ta aure, domin shi ango da bakinsa ya faɗi sunan uwarsa da ubansa, ta mutuwa kuwa ɗa ne ko maƙwabci ya ba da bayani cikin ruɗewa. Sunan gidan su mahaifiyarsa shi ne abin da na fi so ka samo. Murphy kaɗai ba ya raba gardama, amma Murphy da ya auri wance 'yar gidan wane, wannan ya rage taron ƙwarai. Ka duba ƙidayar Amurka ta 1900, ta tambayi shekarar da mutum ya shigo ƙasar. Ta 1890 kada ka wahalar da kanka, gobarar 1921 ta cinye kusan dukkanta. Ka nemi takardarsa ta zama ɗan ƙasa, da sanarwar rasuwarsa a jarida. Ka sa a je maƙabarta a ɗauko maka hoton dutsen kabarin gaba da baya, domin 'yan Ailan da yawa sun sa an sassaƙa sunan Ikklesiyarsu da gundumarsu a kai. Ka tambayi matar ko akwai tsofaffin wasiƙu ko katin addu'ar mamaci a akwatin wata gwaggonta.

In shi bai bar sawu ba, bi 'yan uwansa. Ba safai ɗan Ailan ke yin ƙaura shi kaɗai ba. Yaya ce ke tafiya aikatau, ta aiko da kuɗin jirgin ƙane, shi ma ya ɗauko na bayansa. Wa ya tsaya wa 'ya'yansa wajen baftisma? Wa ya yi shaidar aurensa? Wane baƙo ne ƙidaya ta nuna yana kwana a gidansa? Ɗan ɗan'uwan da ya biyo shi bayan 1907 ya fi shi amfani a gare ka, domin daga shekarar nan takardar fasinjojin jirgi ta fara neman suna da adireshin dangi mafi kusa da mutum ya baro a gida. A layi guda za ka ga sunan uwa da sunan unguwa.

Akwai kuma jaridar Pilot ta Boston, wadda daga 1831 zuwa 1921 ta riƙa buga cigiyar dangin da suka ɓace. Dubbai ne, kuma an tattara su. Kowace cigiya 'yan layuka ce: sunan wanda ake nema, unguwarsu da Ikklesiyarsu da gundumarsu, shekarar da ya sauka, garin da aka yi masa ganin ƙarshe, sai sunan mai cigiya da inda za a aiko masa da labari. Na shekarun babbar yunwa, 1845 zuwa 1852, lokacin da cutar dankalin turawa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya ta kori wani miliyan, ba a karanta su da busasshen ido. Uwa na neman ɗanta, mata na neman mijin da ya tafi aikin layin dogo. Aikin da muke yi yau, su suka fara shi.

To, a ce ka samu unguwar. Mutuminka an haife shi wajen 1860, kafin rajistar gwamnati, don haka littafin coci za ka buɗe. Ka shirya wa abin da za ka gani. Shafi ne mai dishi-dishi, rubutun limami mai sauri, sau da yawa da Latin. James ya zama Jacobus, John ya zama Joannes, William ya zama Gulielmus. Layi guda ne ga kowane jariri: rana, sunansa, ubansa, uwarsa da sunan gidan ubanta, sai mutum biyu da suka tsaya masa, in an yi sa'a da sunan unguwa a gefe. Kada ka tsaya kan layinsa kaɗai. Bi shekara goma baya, shekara goma gaba, ka fitar da duk 'ya'yan ma'auratan nan. Ƙannensa da aka haifa bayan 1864 suna da takardar gwamnati mai ɗauke da unguwa da sana'ar uba. Sai ka gwada jerin da na 'yan uwan da ka tattara a Boston. In sunaye uku ko huɗu sun hau kan juna, da uwa ɗaya, to ka fara kama ƙasa. Al'adarsu ma za ta taimake ka: ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari kuma sunan kakarta ta wajen uwa. Alama ce, ba hujja ba.

Sunaye suna sauya riga a hanya. Bridget takan koma Delia a Amurka, Honora ta koma Nora ko Hannah, Owen ya koma Eugene. O da Mac na gaban sunan gida a yar da su a wannan takarda, a ɗauko su a waccan. Shekaru kuwa kada su sa ka yar da mutum. Mutanen karkara ba su damu da ranar haihuwa ba. Har za ka ga ranar baftisma ta riga ranar haihuwar da ke takardar gwamnati, saboda akwai tara ga wanda ya makara yin rajista, sai iyaye su matso da ranar gaba. Za ka kuma ga tsohuwar da ta ce shekarunta 55 a 1901 ta zama mai 72 a 1911. Ruwa ba ya tsami banza: a 1909 aka fara biyan fanshon tsufa ga masu shekara 70. Da yake tsofaffin ba su da takardar haihuwa, sai aka riƙa duba musu ƙidayar 1841 da 1851 don tabbatar da shekaru, kuma fom ɗin binciken nan da yawa sun tsira, ɗauke da sunayen iyaye da unguwa daga takardun da suka ƙone daga baya.

Abin da na fi ƙauna a sana'ar nan shi ne littattafan ƙimar ƙasa. Tsakanin 1847 da 1864 aka buga ƙididdigar da Richard Griffith ya jagoranta, gona bayan gona, gida bayan gida: wa ke zaune, a hannun wa yake haya, eka nawa, nawa aka ƙiyasta. Kowa ya san wannan. Abin da masu koyo ke tsallakewa shi ne littattafan gyara da suka biyo baya. Duk lokacin da gona ta sauya hannu, ma'aikaci zai ja layi kan tsohon suna, ya rubuta sabo a samansa da tawada mai wani launi, ya sa shekarar a gefe da launin nan. Sai ka ga sunan uba an soke da ja, na matarsa ya hau, an soke shi da shuɗi, na ɗan da ya zauna gida ya hau. Bayan dokar sayen ƙasa ta 1903 za ka yawaita ganin hatimin da ke nuna ɗan haya ya mallaki gonarsa. Ka bi launukan nan littafi bayan littafi, za su kawo ka har tsakiyar ƙarni na 20, wani lokaci har ƙofar gidan da jikokin ɗan'uwansa ke ciki yanzu. Na gundumomi shida na arewa suna taskar Belfast, sauran a Dublin.

Gwajin jini na DNA yana da amfani, musamman in tsofaffin gidan suka yi shi. Zai nuna maka dangi, amma ba zai faɗa maka ta wace tsatso kuka haɗu ba. Takarda ce ke yin wannan.

In ka kai ga masu rai, ka sassauta tafiya. Wasiƙa gajera ake rubutawa, a faɗi ko wane ne mai nema da abin da yake so, a bayyana cewa ba maganar gado ko gona ba ce, domin shi ne abin da ke fara zuwa zuciyar mutumin karkara. Limamin Ikklesiya ko ƙungiyar tarihin yankin sukan san wanda ya kamata a fara gaisarwa, da ɗan gari akan ci gari. In kuma wata rana aka kawo maka aikin wanda aka raba da uwarsa yana jariri a gidajen da ake tsare matan da suka haihu ba aure, wannan ba naka ba ne kai kaɗai. Dokar Ailan ta 2022 ta ba irin waɗannan mutane 'yancin ganin takardun haihuwarsu, kuma hukumar kula da riƙon yara ta ƙasar tana da rajistar da kowane ɓangare ke rubuta ko yana son a tuntuɓe shi ko ba ya so. Ta nan ake bi. Akwai tsohuwar da ta ɓoye ciwon nan shekara sittin, ba a buga mata waya kwatsam.

Matar Boston kuwa, rubuta mata yau. Gaya mata ka ga mai irin sunan amma babu abin da ya ɗaure shi da kakanta tukuna, kuma aikin makonnin nan a Massachusetts za a yi shi. Roƙe ta sunayen duk 'yan uwan kakan da ta taɓa ji, da cocin da aka ɗaura aurensa, da maƙabartar da yake. In takardar auren ta zo hannunka, kawo mini mu karanta sunan mahaifiyar tare kafin ka buɗe littafin Cork ko ɗaya.