Tsohon Yarona Ya Buɗe Wurin Balangu da Sunan Mahaifina

Tambaya: Barista, ina da wurin gashin balangu a Gawon Nama, cikin Sakkwato, wanda na gada daga mahaifina. Wani yaro da ya tashi a hannuna ya buɗe nasa a Mabera, ya rubuta sunan mahaifina a allo, har yana ce wa mutane reshenmu ne. Haɗin yajinmu ma da shi ya tafi. Me zan yi?

Amsa: Alhaji, bari in fara da wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Ba ka da ikon hana shi gasa nama. Yadda ake tsaga rago, a shimfiɗa shi bisa waya, a bar garwashi ya ci shi a hankali har kitsen ya narke, sana'a ce ya koya, kuma tasa ce. Batun yaji ma, in ba ku yi alkawarin riƙe sirri ba, da wuya kotu ta saurare ka.

Suna kuwa daban ne. Wanda ya tako bayan Isha ya tsaya cikin hayaƙi yana jiran a naɗe masa nama da albasa a takarda, amanar sunan nan ce ta kawo shi. Doka ta hana mutum sayar da hajarsa da sunan wani don a zaci na wancan ne, ko da ba a yi wa sunan rajista ba. Abu uku za ka nuna: an daɗe da sanin ku da sunan, yaron ya ruɗi jama'a, kuma ruɗin ya jawo maka asara ko yana shirin jawowa. Ɗauki hoton allonsa tun yau, kafin ya goge. Ka kuma nemi masu saye biyu ko uku da suka je can bisa zaton wurinka ne.

Ni dai ba zan tura ka kotu da farko ba. Irin wannan ƙara tana cin kuɗi da lokaci. Kai maganar gaban Sarkin Fawa, a zauna da dattawan rundawa. In ya yarda ya sauke allon, a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu. In ya ƙi, lauya ya aika masa takardar gargaɗi da wa'adi, sannan a nemi kotu ta dakatar da shi, ta sa ya biya diyya.

Kada ka jira. Yi wa sunan rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, bisa dokar kamfanoni ta 2020, domin in ya riga ka, aikinmu ya ƙaru. Sai dai wannan takarda ita kaɗai ba ta mallaka maka sunan. Rajistar tambarin kasuwanci a Abuja ce ke yin haka: shekara 7 da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.