Tambaya da Amsa: Wane Kwamanda Zan Ɗora a Kan Ƙunshin Katina?

Wasiƙun wannan makon duk sun karkata ne ga Commander, tsarin wasan katin Magic: The Gathering wanda galibi mutum huɗu ke zama su buga. Ga wanda bai saba ba, wasan ya fito a Amurka a 1993, Richard Garfield ne ya ƙirƙire shi, kamfanin Wizards of the Coast kuma shi ke buga katunan. A Commander kowa na zuwa da ƙunshin kati 100, ba a maimaita kati sai filaye na asali (filaye su ne katunan da ake ajiyewa don biyan sauran katuna), kowa na farawa da makin rai 40. Kati ɗaya ana ajiye shi a buɗe a gefe kowa na gani. Shi ne kwamanda, kuma launinsa, cikin launuka biyar na wasan (fari, shuɗi, baƙi, ja da kore), shi ke yanke irin katunan da za su shiga ƙunshin.

TAMBAYA: Salamu alaikum, Malam. Kwamandata Kaalia of the Vast ce, na cika ƙunshin da manyan dodanni da mala'iku. Amma duk zaman da muka yi ni ake fara fitarwa. Ina buga ta sai a kawar da ita, in sake bugawa a sake kawarwa, daga nan sai su taru a kaina. Wani ya ce in koma Atraxa, wai ta fi ƙarfi. In canza? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In don neman ƙarin ƙarfi za ka canza, to ka dakata tukuna, domin ƙarfin ne ya jawo maka abin da kake kuka da shi.

Ka zauna a kujerar abokin bugunka ka dubi Kaalia. Mana huɗu take ci (mana shi ne abin da filaye ke bayarwa in an karkata su, da shi ake biyan kuɗin buga katuna). Ƙarfinta 2, juriyarta 2, tana tashi sama. Duk lokacin da ta kai hari, sai ka zaro mala'ika ko aljani ko dodo daga hannunka ka dire shi a fili yana kai hari, ba tare da ka biya ko mana ɗaya ba. Halittar da ta kamata ta jira zagaye na bakwai ko na takwas sai ga ta a na biyar. Kowa a teburin ya san wannan tun kafin a ja katin farko, tunda kwamanda ba a ɓoye yake ba. Ga shi kuma Kaalia ba ta iya kai hari a zagayen da ta sauka, dole ta jira mutum uku su gama bugunsu. Ka lura da wanda ke hagunka ranar da za ka sake buga ta: ya yi bugunsa ya gama, amma ya bar fili fari guda ɗaya bai karkata shi ba, hannunsa na kan kati ɗaya. Swords to Plowshares ke nan, katin kawar da halitta mai cin mana ɗaya, kuma Kaalia yake jira. Ba gaba yake da kai ba. Ni ma in ina wurinsa abin da zan yi ke nan.

Sai kuma haraji. Duk sanda ka sake buga kwamanda daga wurin ajiyarsa, inda yake komawa in an kawar da shi, ana ƙara mana biyu a kan kuɗinsa. Kaalia ta fara da 4, ta koma 6, ta koma 8. A karo na uku ka zuba zagaye guda cur a kan halitta mai juriya 2, hannunka cike da dodannin da ba ka iya biya. Nan ne ƙunshinka yake mutuwa, tun kafin makin ranka ya ƙare.

Atraxa, Praetors' Voice ba za ta raba ka da wannan ba. Ta fito a ƙunsoshin Commander na 2016, kuma tun daga lokacin take cikin kwamandojin da aka fi ji da su. Launi huɗu gare ta, ƙarfi 4 juriya 4, a ƙarshen kowane zagayenka kuma tana ƙara yawan alamomin da ke kan katuna da kan 'yan wasa. Cikin alamomin nan har da guba, wadda in ta kai 10 mutum ya fita komai yawan makin ransa. Saboda haka da an ga Atraxa ake ɗaura ɗamara, ko da naka ƙunshin babu guba ko ɗigo. Za ka gudu daga kwamandar da ake tsoro ka faɗa hannun wata da ake tsoro, ka ƙara wa kanka wahalar haɗa filayen launi huɗu.

Lissafin da nake so ka riƙe shi ne wannan. Abokan karawarka uku ne, makin ransu a haɗe 120, kai kuma 40. Kowane zagaye kai ka ja kati ɗaya, su sun ja uku. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a teburin mutum huɗu wanda ya fara fitowa da ƙarfinsa shi ke haɗa kan sauran ukun. Don haka in ina auna kwamanda, tambayar farko da nake yi ita ce: in aka kawar da shi sau biyu, ƙunshin zai ci gaba da numfashi?

Dubi Meren of Clan Nel Toth, baƙi da kore. Duk halittarka da ta mutu, Meren na ba ka alamar gogewa, kuma alamar a jikin ɗan wasa take zama, ko an kashe Meren alamar ba ta ɓacewa. In ta dawo sai ta ci gaba da tono halittu daga maƙabarta daga inda ta tsaya. Dubi Edgar Markov na 2017, wanda ko bai sauko fili ba, yana zaune a wurin ajiya, duk mai shan jinin da ka buga sai ya ƙara maka ƙarami guda. Shi ma ana tsoronsa, gaskiya, amma ba a iya kashe abin da bai sauko ba. Waɗannan su ne kwamandojin da ba sa barin mai su a tsaye hannu rabbana.

In kuma Kaalia ce a ranka, kada ka yar da ita, ni ina son mutum ya buga abin da yake ƙauna. Gyara za ka yi. Saka katunan takalmi, Lightning Greaves da Swiftfoot Boots, duk biyun suna ba ta damar kai hari nan take, suna kuma kare ta daga a nuna ta da kati. Kada ka buga ta a zagaye na huɗu don kawai mana ya kai. Jira sai takalmin na fili, ko sai wani ya zama abin tsoro an ƙarar da katunan kawarwa a kansa. Rage manyan halittun, ka ƙara katunan da ke ba da mana irin su Sol Ring da Arcane Signet, yadda ko babu Kaalia za ka iya biyan dodonka da kanka. Launukan Kaalia, ja da fari da baƙi, ba su da sauƙin tara filaye irin na kore, don haka wannan gyaran dole ne. Harinka na farko kuma ka kai shi kan wanda ya fi kowa ƙarfi a teburin, sauran biyun su ga amfaninka a raye.

TAMBAYA: Yaya, ni sabuwa ce, ƙawayena ne suka koya mini. Ina so in haɗa ƙunshina da kaina. Wane kwamanda ne ba zai rikita ni ba, kuma filaye nawa zan saka? Na ƙirga 30 na ga kamar sun yi yawa, suna cinye wurin katuna masu daɗi. Daga wata mai karatu.

AMSA: Barka da shigowa, ƙanwata. Bari in fara da filayen, don nan ne sababbi suka fi cutar kansu. Talatin sun yi kaɗan. Ban da kwamanda kati 99 gare ki, za ki fara da bakwai a hannu, zuwa zagaye na huɗu kin ga kati 11. Da filaye 37, a matsakaici za ki samu huɗu cikin sha ɗayan nan, wato kowane zagaye kin ajiye fili. Da 30 kuwa uku da ɗan ɗoriya ne, sai ki zauna da katuna masu daɗin a hannu kina kallon wasu na wasa. Ki tsaya tsakanin 36 da 38. Ki ƙara wajen goma masu ba da mana, wajen goma masu ja miki kati, da kamar takwas zuwa goma na kawar da abin da ya dame ki, cikinsu a samu biyu ko uku masu share halittun da ke teburin gaba ɗaya, irin Wrath of God ko Blasphemous Act. Ba doka ba ce, ma'auni ne da masu haɗa ƙunshi suka daɗe suna aiki da shi, kuma yana aiki.

Kwamanda kuwa, na ba ki Tatyova, Benthic Druid, kore da shuɗi. Aikinta ɗaya tak: duk filin da ya sauka a gabanki, ki ƙara makin rai ɗaya ki ja kati ɗaya. Abin da ya kamata sabon ɗan wasa ya koya, wato ajiye fili kowane zagaye, shi take ba ki lada a kai. Ki buga Cultivate, fili ɗaya ya sauka, ɗaya ya zo hannu, kin ja kati, kin kuma tanadi na zagaye mai zuwa. Hannunki ba ya bushewa, kuma ba kowa ke firgita da ganinta ba.

In ke mai son hayaniya ce, ɗauki Krenko, Mob Boss. Ja ne zalla, babu ciwon kan haɗa launi. In kin karkata shi yana ba ki 'yan goblin daidai yawan waɗanda kike da su. Da shi da wasu biyu, uku sun zama shida, shida sun zama sha biyu, sai ashirin da huɗu. Sai dai ki sani kati ɗaya mai share halittu zai kwashe su duka, don haka kada ki zazzage hannunki gaba ɗaya. Ki kuma fara da launi ɗaya ko biyu. Biyar ɗin nan gaba.

TAMBAYA: Malam, gardama muke yi. Illar kwamanda 21 da ke fitar da mutum, ana haɗa ta kwamandoji daban-daban? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ba a haɗawa. Kowane kwamanda da nasa lissafin, kuma illar faɗa kaɗai ake ƙirgawa. Amma ƙirgar ba ta gogewa in kwamandan ya mutu ya dawo, ƙarin makin rai ma ba ya rage ta. Rafiq of the Many in ya kai hari shi kaɗai yana dukan 4 sau biyu, wato 8, hari uku sun kai 24, mutum ya fita ko da makin ransa 100 ne.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, akwai abokinmu da ke haɗa Thassa's Oracle da Demonic Consultation ya ci wasa tun muna jera filaye. Ya ce doka ba ta hana ba. Mu sayi irin katunansa ne ko mu daina zama da shi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Gaskiyarsa, doka ba ta hana ba. Kati na biyun yana iya kwashe ƙunshinsa kaf, na farkon kuma yana ba shi nasara in ƙunshin ya zama fanko, su biyun a haɗe mana uku suke ci. Wasa ne halastacce, akwai teburan da ake bugawa haka, kowa ya zo da shirin sokewa. Abin da ya ɓaci shi ne ya zo da ƙunshin gasa wurin mutanen da suka zo hira da wasa.

Wannan matsala tsohuwa ce a tsarin. Ya faro ne a Alaska da sunan Elder Dragon Highlander, marigayi Sheldon Menery ya yaɗa shi, kuma tun asali don a huta da zafin gasa aka yi shi. Kamfanin bai fara fitar da ƙunsoshinsa na musamman ba sai 2011. A Satumban 2024 kwamitin dokokin tsarin ya haramta katuna huɗu, ciki har da Mana Crypt da Jeweled Lotus, aka yi ta ce-ce-ku-ce har kwamitin ya miƙa ragamar ga kamfanin. A Fabrairun 2025 kamfanin ya fito da matakai biyar na auna ƙunshi, daga na nishaɗi zalla zuwa na gasa, tare da jerin katunan da ke sauya wasa su kaɗai. Thassa's Oracle na cikin jerin, haka Rhystic Study da Cyclonic Rift. A mataki na ɗaya da na biyu ba a saka ko ɗaya daga cikinsu, a na uku kada su wuce uku, daga na huɗu kuma babu iyaka.

Matakan ba su cika ba, mai niyyar wayo zai iya haɗa mugun ƙunshi ba tare da kati ɗaya daga jerin ba. Amfaninsu shi ne sun ba ku bakin magana. Ban goyi bayan ku kore shi ba, ban kuma goyi bayan ku shiga tseren sayen kati ba, don wanda ya fi kowa aljihu ne zai ci tseren, teburin kuma ya watse. Kafin a cakuɗa kati, kowa ya ɗaga kwamandansa ya faɗi matakin ƙunshinsa, da zagayen da yake sa ran gamawa, da ko yana da haɗin kati biyu mai cin wasa. Ku ce wa abokinku ya haɗa ƙunshi na biyu a mataki na biyu ko na uku, ko ɗayanku ya ara masa nasa. Sannan ku ware masa wasa ɗaya a ƙarshen zama ya fito da babban, masu shuɗi a cikinku su riƙe Counterspell, katin da ke soke abin da wani ya buga, su bar filaye biyu a miƙe daga zagaye na uku.