Tambaya da Amsa: Me 'Yan Jaridar Turanci Ke Nufi da Kalmar "Paragraph"?

Tambaya: Malam, a makaranta an koya mana cewa "paragraph", wato sakin layi, jimloli ne da dama da suka haɗu a kan magana guda, ɗaya ta buɗe, sauran su mara mata baya. Amma idan na duba jaridun Turanci sai in tarar kusan kowace jimla an ware ta ita kaɗai. Na kuma taɓa karanta inda aka ce wani lamari bai samu fiye da "paragraph" ɗaya a jarida ba. Shin 'yan jarida ba sa bin ƙa'ida ne, ko kuwa kalmar tana da wata ma'ana a wurinsu?

Daga wata ɗaliba mai koyon aikin jarida.

Amsa: Malama, abin da aka koya miki daidai ne, sai dai ƙa'idar rubutun insha'i ce, ɗakin labarai kuwa yana da tasa. Asalin kalmar ma yana goyon bayan 'yan jaridar. Daga harshen Girka ta fito, inda "para" ke nufin gefe, "graphein" kuma rubutawa, domin 'yar alama ce da ake yi a gefen rubutu don a nuna wa mai karatu inda aka sauya magana ko mai magana. Ke nan tun farko ba ta ƙayyade yawan jimloli ba, wurin tsayawa kawai take nunawa.

Dalilin gajarta sakin layi a labarai yana cikin siffar shafin jarida. Ana raba shafin zuwa siraran gidaje a tsaye, layi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kalmomi biyar ko shida, saboda haka sakin layi mai kalmomi 100, wanda ba komai ba ne a littafi, sai ya zama dogon dunƙule mai gajiyar da ido. Shi ya sa ake tsayawa a jimla ɗaya ko biyu, kuma duk lokacin da aka kawo maganar wani mutum sai a buɗe mata sabon layi.

Akwai dalili na biyu wanda a ganina ya fi wannan nauyi. Ana gina labari ne kamar ginin dala irin na Masar da aka kife, wato mafi muhimmanci a sama, ƙananan bayanai su biyo baya. A zamanin da ake zuba layukan rubutu da narkakkiyar dalma, da injin Linotype wanda jaridar New York Tribune ta fara amfani da shi a 1886, idan labari ya fi gurbinsa tsawo edita ba shi da lokacin sake rubutu, sai ya ɗebe daga ƙasa. Dole ne kowane sakin layi ya tsaya da ƙafarsa, ta yadda cire shi ba zai rushe na samansa ba. Dalma ta tafi, amma al'adar ta zauna, kuma fuskar wayar hannu, da yake siririya ce, ta ƙara mata ƙarfi.

Ma'aikatan ma ba su cika furta kalmar gaba ɗayanta ba. A Birtaniya "par" suke cewa, a Amurka kuma "graf". Sakin layi na farko shi ne "intro" a wurin 'yan Birtaniya, Amurkawa su kira shi "lead", wani lokaci su rubuta "lede". Idan aka buɗe labari da wani ɗan abin da ya faru da mutum ɗaya, to sakin layin da ya zo ya faɗi dalilin ba da labarin shi ake kira "nut graf", salon da aka fi dangantawa da jaridar Wall Street Journal.

Game da tambayarki ta biyu, kalmar tana da wata tsohuwar ma'ana a aikin jarida, wato ɗan gajeren labari cikakke wanda bai wuce sakin layi ɗaya ba, galibi ma ba a yi masa kanu. Har akwai sunan mai rubuta irinsu, "paragraphist". Don haka wanda ya ce lamari bai samu fiye da "paragraph" ɗaya ba, ƙorafi yake yi cewa jaridar ta raina abin, ta tura shi can wani lungu na shafin ciki.