Tambaya da Amsa: Jak ɗin Tirelata Yana Zubar da Mai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar tirela mai ɗakin kwana, irin wadda ake ja da mota, na saye ta ta hannu, kuma a cikinta nake kwana idan aikin noman rani ya riƙe ni a Kadawa. Tana da jak huɗu masu aiki da mai waɗanda ke daidaita mata zama. Tun bayan hunturu, jak ɗin baya ta hannun dama yake zubar da jan mai, kafin gari ya waye sai ɗakin ya karkace. Wani makanike ya ce in riƙa ƙara man birki. Shin hakan ya dace? Daga mai karatu a Hotoro, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah kada ka zuba man birki, domin yana kumbura robobin da aka yi don ɗaukar man hadirolik, har ya lalata sauran jak ukun da suke lafiya. Jan man da kake gani yawanci man giyar mota mai canza giya da kanta ne, wato ATF irin Dexron III, wanda kamfanoni da dama masu ƙera waɗannan jak suke umartar a yi amfani da shi, amma ka duba rubutun da ke jikin tankin man jak ɗin don ka tabbatar. Ƙarin mai ma ba gyara ba ne, gano inda yake fita shi ne gyaran.

Kafin ka taɓa komai, ka sa wa tayoyi waigi, ka tokare tirelar da ƙarfen tokara ko katako mai kauri, sannan ka sauke nauyin daga kan jak ɗin. Ba a shiga ƙarƙashin abin da mai kaɗai yake riƙe da shi. Haka kuma kada ka bi tiyo da yatsa kana laluben huji, saboda ƙarfin matsin man yakan kai 2,000 ko fiye a ma'aunin matsi na PSI, wanda ya isa ya huda fata ya shige cikin nama, kuma duk wanda hakan ya same shi sai a garzaya da shi asibiti ko da raunin bai fi tsinin allura ba. Guntun kwali ake karawa a jikin tiyon don gano hujin.

Ka wanke jak ɗin tas, ka bar shi ya bushe, ka shimfiɗa farin kwali a ƙasa, sannan ka miƙar da shi ka mayar sau biyu kana kallo. Idan man daga sama yake gangarowa, daga inda tiyo ya haɗu da jikin jak, to abin ya zo da sauƙi, domin ko noti ne ya saki, ko 'yar robar mahaɗin ta mutu, ko kuma rana ta tsattsaga tiyon. Ka ɗaure notin da sifana a hankali, ba da ƙarfin tsiya ba.

Ni dai abin da na fi zargi shi ne sil ɗin ƙasa, wato robar da ke hana mai fita, inda sandar ƙarfen nan mai ƙyalli take fitowa, tunda ka ce bayan hunturu matsalar ta fara. Ƙurar hunturu tana manne wa sandar idan ta daɗe a miƙe, duk lokacin da aka mayar da ita sai ta shige da yashi cikin robar, ya yi ta gurzar ta har ta daina riƙe mai. Ka bi sandar da farce. Idan sumul take, canjin sil ya wadatar, kuma masu gyaran tifa da katafila sun san wannan aiki sarai, sai dai a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon sil ɗin a hannu don a auna a samo daidai shi. Idan kuwa farcenka ya maƙale a wani kurji ko ramin tsatsa, sabon sil ba zai daɗe ba, don haka a sake sandar ko jak ɗin gaba ɗaya. Ban yarda a yi mata walda a goge ba.

Bayan gyara, ka janye jak huɗun duka kafin ka auna man tanki, domin idan ka cika shi suna miƙe zai yi ambaliya da zarar sun koma. Daga nan ka miƙar da su ka mayar har ƙarshe sau da yawa don iska ta fita, kuma ka riƙa goge sandunan da tsumma mai tsabta kafin ka janye su. Idan ɗakin ya ci gaba da karkacewa alhali babu ɗigon mai a kan kwali, to yoyon na ciki ne, sai a duba bawul ɗin da ke kusa da famfo da kuma sil ɗin fistin.