Mai Fulogi Huɗu ko Mai Shida: Wacce Ta Fi Sauƙin Riƙewa?

Malam, ka tambaya ko Corolla mai fulogi huɗu za ka saya ko Camry mai shida, ganin yadda mai ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, kuma kana damuwa da hayaƙi.

Kada ka dogara da bakin dillali, auna da kanka. Cika tanki fal, mayar da ma'aunin tafiya sifili, yi zirga-zirgarka ta yau da kullum, sannan ka sake cikawa. Raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Misali, kilomita 400 a lita 40 na nufin kilomita 10 kowace lita. Mutane da yawa kan yi kuskuren aunawa a babbar hanya kaɗai, alhali cunkoson cikin gari ne ke zuƙe mai, musamman ga babban inji.

Lissafin hayaƙi kuwa yana bin mai ne: kowace litar fetur da ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon. Motar da ta rage maka kashe kuɗi ita ce ta rage gurɓata iska.

In yawanci cikin gari kake, ni dai Corolla zan zaɓa. Kayan gyaranta ma suna ko'ina, ba tsada. Amma fa taya maras iska, tsofaffin fulogai da matatar iska da ƙura ta toshe kan mayar da ƙaramar mota mashayiya.

Kafin ka biya, kai ta wurin bakaniken da zai jona mata kwamfuta. In kuma za ka mayar da ita mai amfani da CNG, wato iskar gas da ake matsawa a tukunya a maimakon fetur, sai cibiya mai izini, domin tukunyar jabu tana fashewa.